Dan Allah wane suna za mu ba mai jan wasan nan da Hausa?

Ɗan Yelwa, Garwa:
Salamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure, ina gaisuwa. Shawara nake nema akan wani abu da wani zai ga ƙarami ne amma ni wlh ya tsaya min a rai. Akwai wasan nan da masu faransanci ke ce wa je de rol, wanda ake zama mutum huɗu ko biyar a tabarma ko a tebur, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labari ya zama shi ne, wannan maharbi wannan bafatake wannan 'yar sarki da ta gudo daga gida, sai mutum ɗaya ya zauna a gabansu shi ba shi da jarumi nasa, aikinsa ya faɗa musu inda suke da abin da idonsu ke gani, kuma shi ne bakin duk wanda suka gamu da shi a hanya tun daga mai fito har ɗan fashi, in ɗaya ya ce zan haura katangar nan sai ya ce masa jefa ƙwaya mu gani, lamba ta kai ya haura, ba ta kai ba ya faɗa masa abin da ya same shi. Ba kuɗi a ciki, takarda ce da bik da ƙwayar jefawa sai baki.

Ni a wajen wasu 'yan jami'a na koya a Dang lokacin ina Ngaundere, da na dawo gida na fara ja wa ƙannena da abokansu kuma da Hausa muke yi tsaf, labarin ma namu ne, ayari ne ya taso daga bakin Binuwai zai ratsa duwatsun Mandara. Yanzu ina rubuta ƙa'idojin a kaye da Hausa don in yi fotokopi in raba saboda yaran wata unguwa sun ce suna so su kafa nasu, kuma duk shafin da na buɗe sai na zo kan sunan wannan mutumin na gaba in tsaya. Waɗanda suka koya min metir di je suke cewa. Yaranmu sun gajarce shi zuwa metir, kuma tunda suka fara kirana haka sai na ga suna ɗaga hannu kafin su yi magana, suna jiran in ce musu daidai ne ko ba daidai ba. Wasu kuma arbitir suke cewa, wato rafali, su kuma duk hukuncin da na yanke sai an yi gardama. Duka biyun ba su ne nake so ba. Me zan rubuta? Ina so suna ne da yaro ɗan shekara 12 zai ji ya gane aikin, kuma wanda in babanmu ya ji ana kirana da shi a zaure ba zai ɗaure fuska ba. Ngd.

Mai shayi na Domayo, Marwa:
Wa alaikumus salam. Sarkin wasa mana ƙanena, ai ba sai an sha wahala ba. Muna da sarkin fawa, sarkin aska, sarkin samari, sarkin ruwa, kowace harka da sarkinta to wannan ma a ba ta nata.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Yaya na gode, shi ne ma farkon wanda ya zo min. Abin da ya hana ni shi ne sarki ba a mayar masa da magana, ni kuma so nake su riƙa katse ni suna cewa a'a mu ba ta nan za mu bi ba. Sannan ka san garin namu, sarauta naɗa ta ake yi, in dattijo ya ji yara na ce min sarki zai tambaya waye ya naɗa ni.

Ɗan Kusiri:
Ƙanena tambayar nan taka ba ƙarama ba ce, su kansu waɗanda suka ƙirƙiro abin har yau ba su tsaya kan suna ɗaya ba, kuma in ka bi tarihin za ka ga kowane suna da irin aikin da yake so mutumin ya yi. Asalin kujerar daga wasan yaƙi na sojoji ta fito. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya can ƙasar Jamus mai suna Reisswitz ya nuna wa manyansu wani wasa da ake kira Kriegsspiel, ɓangare biyu na ba da umarni akan taswira ba wanda ke ganin na wani, sai mutum na uku a tsakiya shi kaɗai ya san inda kowace runduna take kuma shi ke faɗin abin da ya faru in sun haɗu. Wannan alƙali ne tsantsa ba ruwansa da labari. Shekara 150 bayan haka, 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka ta kamfanin TSR a wani ɗan gari Lake Geneva jihar Wisconsin, ƙananan littattafai uku ne a kwali, bugun farko kwafi 1000, kuma da yake su biyun daga wasan yaƙi suka fito sai suka kira mutumin rafali kawai. Daga baya ne sunan Dungeon Master ya shigo ya zauna har aka yi masa babban littafi nasa a 1979. Sunan nan mallakar kamfani ne, yau yana hannun Wizards of the Coast da suka sayi TSR a 1997, wannan na cikin dalilan da sauran wasanni kowa ya nemi nasa.

To duba yadda suka zaɓa. Traveller na 1977, wasan tafiya sararin samaniya, ya tsaya kan rafali. Call of Cthulhu na 1981 wasan bincike ne da ban tsoro, sai suka ce Keeper wato mai ajiya, don shi ke riƙe da sirrin da 'yan wasa ke tonowa kaɗan kaɗan. Vampire na 1991 suka ce Storyteller mai ba da labari saboda su abin da ya dame su halin mutane da rikicin zuci ne ba lissafin sara da suka ba. Apocalypse World na 2010 kuma MC suka ce, irin mai gabatarwa a wajen biki, mu da mun ce sanƙira, aikinsa ya ba kowa fili ya yi nasa. Saboda haka kar ka ji dole sai ka fassara na wani. Ka fara tambayar kanka a naka wasan me mutumin nan yake yi da rabin lokacinsa, yanke hukunci ko ɓoye sirri ko ba da labari ko jan mutane a hanya, sunan daga can zai fito. Ni dai in da hukunci ne ya fi yawa alƙalin wasa zan ce, kalma ce da kowa ya sani daga ƙwallo.

Direban moto, Gidar:
Alƙalin wasa kam a'a. Yaron da ya taɓa shiga filin ƙwallo na Rumde Ajiya ranar da Coton Sport ke buga wasa ya san me ake yi wa alƙalin wasa. Ai shi ne gardamar da yake kuka da ita.

Malamar lise, Marwa:
Sannunku. Ɗana bari in sa baki ta ɓangaren da na sani tunda faransanci nake koyarwa. Na farko kar ka kuskura ka bi sunan Dungeons & Dragons ka fassara shi kai tsaye. Danjin a turancin Ingila kurkuku ne na ƙarƙashin ƙasa, shi kuma donjon na faransanci babbar hasumiya ce ta tsakiyar gidan sarki na da, kalmomin asalinsu ɗaya amma ma'ana ta rabu, duk da haka aka ce Donjons et Dragons aka ce maître du donjon ya bi bakin mutane. In ka kawo shi Hausa yadda yake sunan da za ka samu shi ne Yari, mai gidan yari, kuma ba na jin akwai uwar da za ta bar ɗanta ya je wajen Yari da daddare.

Na biyu, abin da ka gani na ɗaga hannu ba laifin yaran ba ne. A kunnen yaronmu metir malamin lekol ne mai alli da bulala, ba shi da wata ma'ana bayan wannan, tun daga sil, ajin farko na firamare, yake jin ta. Amma su masu faransancin da ke gajarce sunan su rubuta MJ ba duka ne ke nufin maître ba, da yawa meneur de jeu suke nufi, kuma meneur mai ja ne, mai shiga gaba. Kai da bakinka a tambayarka ka ce na fara ja wa ƙannena, ban sani ba ko ka lura. To sunan na bakinka tuntuni, mai jan wasa. Muna cewa mai jan baƙi a wajen tafsiri, mai jan waƙa ga zabiya da 'yan amshi, mai jan ragama. Ba girman kai a ciki, kuma abin da ya fi burge ni mai ba ta da namiji ba ta da mace, ranar da ƙanwarka ta karɓi kujerar ba sai ka sake fotokopi ba, in sun yi yawa ka ce masu jan wasa shikenan.

Uwar biyu, Ngaundere:
Ni da na karanta bayanin nan kakata kawai nake tunawa, Allah ya jiƙanta. Ai wannan tatsuniya ce aka sa mata ƙwaya. Ku ce mai tatsuniya, ya buɗe da ga ta nan ga ta nanku su ce ta zo mu ji ta, ya rufe da ƙurunƙus. Yaranmu na nan sun fi jin Fulatanci da faransanci, da yawa ba su san Gizo da Ƙoƙi ba wlh abin na damuna, in ta wannan hanya za su dawo su ji Hausa mai daɗi to alhamdulillahi.

Ɗan Kusiri:
Inna buɗewar da rufewar kam ya ɗauka, sun yi kyau sosai kuma suna sa yara su nutsu su san an fara. Amma sunan ina da ja. Mai tatsuniya ta san ƙarshen labarinta tun kafin ta buɗe baki, masu sauraro nasu amshi ne da dariya. A nan kuwa in mai ja ya riga ya san ƙarshe to wasa ya mutu, babban ciwon da ke kama sababbin masu ja kenan, mutum ya kwana uku yana tsara labari sai yara su ce mu ba za mu shiga kogon ba kasuwa za mu koma, sai ya bi ya toshe kowace hanya har sai sun shiga kogon dole. In ka kira shi mai tatsuniya ka ba shi izinin yin haka. Labarin na su duka ne, shi duniya kawai ya kawo.

Baba tsohon ɗan kasuwa, Ngaundere:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta min wannan kuma shi ke rubuta abin da nake faɗa. Yaro, ni ban san wasanku ba amma na ji bayaninka kuma na ji ka ce ayari ne ya taso daga Binuwai, to in ayari ne me ya sa kake neman suna a wajen Bature, mai ayari sunansa madugu. Madugu uban tafiya. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan ta Adamawa fatauci ya kawo su, wasu hauren giwa wasu goro wasu tufafi, kamar yadda wasu suka yi yamma zuwa Gwanja, kuma ba ayarin da ke tashi ba madugu. Bari in faɗa maka aikinsa yadda muka ji daga manya sai ka auna da naka. Madugu ya san hanya, ya san inda ruwa yake da inda babu, ya san garin da ake sauka da wanda ake ratsewa. Shi ke cewa yau a nan za a yi zango. In an iso ƙasar wani sarki shi ke shiga ya yi magana a daidaita abin da za a biya a wuce. In faɗa ya tashi tsakanin fatake biyu shi ke raba su a nan take don ba alƙali a daji. Yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya. Amma kayan da ke kan jakuna ba nasa ba ne, kowane falke da dukiyarsa da abin da ya fito nema, madugu ba ya ce maka ga abin da za ka saya ga wanda za ka sayar wa. Kuma ba a gadonsa dole, wanda mutane suka yarda da shi suke bi, in ya kai su ga asara baɗi ba mai binsa. Rana ɗaya ke dukansu, in 'yan fashi sun fito ba su tambaya waye madugu. To in abin da kake yi wa yaran nan kenan, ka san hanya su kuma su ke da abin da suka fito nema, sunanka madugu, kuma kowane zama da kuka yi ku kira shi zango, ku ce mun yi zango uku ba mu kai Mokolo ba.

Sai abu biyu da zan ƙara tunda ka ambaci babanka. Ƙwayar nan da kuke jefawa, duk dattijon da ya gani caca zai fara zargi, kar ka jira ya tambaya, kai ka je ka zauna ka nuna masa takardun ka ce ba a sa ko dala, kuma ka tabbata ba a sawa ɗin, ko alewa kar a sa. Kuma in an kira salla madugu ne ke fara miƙewa. Allah ya yi muku albarka.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Amin Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wlh jikina har ya yi sanyi da na karanta, zango ɗin nan ma kaɗai ya warware min wata matsalar don seyans nake ta rubutawa. Maganar salla da caca na riƙe.

Ɗalibi a Njamena:
Baba a gafarce ni ba gardama nake da ku ba, amma ina da damuwa biyu da madugu kuma gara a faɗa tun kafin a buga takarda. Ta farko, mu nan inda muka fi jin kalmar a rediyo ne, madugun 'yan adawa, madugun 'yan tawaye, kuma ku kun san abin da kalmar tawaye take nufi a garin nan, mutane sun ga yaƙin 2008 da idonsu sun tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusiri da kaya a ka. Yaro ya ce wa uwarsa zan je wajen madugu, a Garwa wataƙila ba komai amma a nan sai ta tambaye shi sau biyu. Ta biyu kuma ita ce ta wasan kansa. Madugu ɗan cikin ayari ne yana gefensu, amma mai jan wasa ai shi ne kuma ɗan fashin, shi ne kuran da ke bin su, shi ne sarkin da ya hana su wucewa. Ta yaya uban tafiya zai zama shi ke turo musu masifa? Ni na fi karkata ga na Malama.

Malamar lise, Marwa:
Ɗana na Njamena damuwarka ta farko gaskiya ce kuma kowane gari ya san kunnensa, ba dole ne Garwa da Njamena su yi suna ɗaya ba. Amma ta biyun, duk da ka goyi bayana, ban yarda da kai ba kuma nan ne ma nake ganin sunan Baba ya fi nawa. Babbar ɓarnar da na gani a ɗalibaina da ke irin wannan wasa a lokacin hutu ita ce mai ja ya ɗauka shi abokin hamayyarsu ne, in ya kashe jaruminsu ya ci. Alhali shi ke da duniyar gaba ɗaya, in yana so ya ce dutse ya faɗo ya danne kowa ba mai hana shi, to wace nasara ce a nan. Yana yin muryar ɗan fashi ne amma zuciyarsa na tare da ayari, so yake su sha wuya su fita da ƙyar su yi ta ba da labarin har sati. Yaron da aka ce masa kai ne madugu ya san in ayari ya halaka a hannunsa ba abin alfahari ba ne. Wanda aka ce masa sarki ko alƙali ko metir ba abin da ke tuna masa wannan. Ni dai har yanzu a rubuce na fi son mai jan wasa don shi ke bayyana kansa ga wanda bai taɓa gani ba, amma a baki in yaro zai kira shi, madugu akwai rijiya a garin nan? ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Ɗan Fulani mai jin Hausa, Mokolo:
Mu da Fulatanci da sai mu ce arɗo, shi ma asalinsa mai shiga gaba ne in ana ƙaura da shanu. Amma arɗo sarauta ce mai rai har yanzu ana naɗawa, ba zan sa wa yaro ita a wasa ba. Madugu kam ba ayarin jakuna yanzu, ba wanda za a ce an taɓa masa rawani. Ina bayan Baba.

Mai shayi na Domayo, Marwa:
To na janye sarkin wasa. Amma uban wasa fa? gajere ne.

Uwar biyu, Ngaundere:
Uban wasa in mace ce fa Malam? Tambayar da nake so in yi kenan ma akan madugun. 'Yata ta fi yayyenta iya tsara zance, ita za ta ja in an kawo mana takardar. A ce mata me?

Baba tsohon ɗan kasuwa, Ngaundere:
'Yata, in namiji uban tafiya ne ita uwar tafiya ce, ba sai an nemo wani abu ba. In kuma sun ce mata madugu ta amsa, aiki ne ba rawani ba.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Abin da zan yi, a shafin farko zan rubuta cewa mai jan wasa shi ake kira madugu, mace uwar tafiya ko madugu duk wanda ta so, daga nan har ƙarshe madugu zan riƙa sawa, kuma zan bar layi ɗaya in ce 'yan garin da kalmar ba ta yi musu ba su tsaya kan mai jan wasa, yaya na Njamena wannan naka ne. Zan kuma sa cewa madugu ba na mutum ɗaya ba ne, in an kai ƙarshen tafiya ɗaya wani ya karɓa, don na lura wanda bai taɓa ja ba shi ya fi kowa gardama. Ga ta nan ga ta nanku ɗin Inna ma ta shiga. Saura abu ɗaya tunda kuna nan, ƙwayar nan mai fuska 20 guda ɗaya gare ni wadda aka ba ni a Ngaundere, na zaga kasuwa ban ga mai sayarwa ba, su yaran ɗaya unguwar da me za su yi?

Ɗan Kusiri:
Wannan mai sauƙi ne. In kana so ka tsaya kan lissafin 20 ɗin, su nemi marafan kwalbar lemo guda 20 iri ɗaya su rubuta 1 zuwa 20 a ciki su zuba a hula, a zara ɗaya ba a kallo a mayar a girgiza, daidai yake da ƙwayar, kowace lamba kashi 5 cikin 100 ce. Misali katanga na bukatar 15 kuma maharbi na da ƙarin 3, kenan 12 zuwa sama yake nema, lambobi 9 cikin 20, kashi 45 cikin 100. Sharaɗin kawai a riƙa mayar da marfin kafin a sake zara, in ba haka ba lissafin ya lalace. Ko telefon ma akwai manhajar jefa ƙwaya kyauta amma ni ban so, da an fito da telefon hankalin yara ya tafi.

Amma shawarata ga sababbi ita ce ƙwayar lido guda biyu, wadda ke kowane shago, a jefa a haɗa. Tsarin Apocalypse World kenan da na ambata, 10 zuwa sama ka samu abin da kake so, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa abu ya ɓaci madugu ya faɗi me ya faru. In ba ƙari, cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu ke iya faɗuwa 6 ne ke ba da 10 zuwa sama, 15 ke ba da 7 zuwa 9, 15 ke ba da 6 zuwa ƙasa. Ka ga na tsakiyar nan yana fitowa sosai kuma shi ne mai daɗin, ka haura katangar amma takalminka ya faɗi a ciki mai gadi ya tsinta, ka shawo kan mai fito amma sai ka bar masa jakinka jingina. Sabon madugu da bai iya tsara labari ba wannan tsarin zai riƙa ba shi abin faɗa da kansa. Kuma ka rubuta musu a jefa a fili kowa na gani, har shi madugun, kar ya ɓoye bayan kaye, rabin gardamar da kake kuka da ita daga nan take.

In ka gama fotokopin ka ba direban motar Marwa kwafi ɗaya a ajiye min a tasha zan sa a karɓo, akwai yara a nan da nake so in gwada musu da labarin mutanen Sao na bakin Logon, kuɗin takarda da na mota a kaina.